Sarki Tanimu na Damagaram: Mai mulkin da ya san darajar bindiga mai araha

Tun kafin ƙananan bindigogi su fara kwararowa Nijar daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wannan hanya ta Sahara ta daɗe tana kawo makamai ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 ba wanda ya ci moriyarta kamar Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulemanu, wanda ikonsa ya kai har Magariya, Wacha da Dungas.

Mahaifinsa Sulemanu ne ya mayar da fadar Damagaram garin Zinder. Tanimu ya fara hawa gadon sarauta a 1841 bayan ya ture ɗan'uwansa Ibrahim, amma bai daɗe ba, domin a lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Borno, kuma Borno ta mayar da Ibrahim. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimu ya dawo, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 1884.

Shi ya kewaye Zinder da ganuwa, kuma a zamaninsa fatake Larabawa da Buzaye suka cika unguwar Zango. Daga Tarabulus ayari yake tasowa, ya ratso hamada, ya sauke tufafi, takarda, takubba da bindigogi.

To, wace irin bindiga ce? Gaskiya ba ta ƙwarai ba ce. Akasarin bindigogin da Turawa ke turowa kasuwannin Afirka a lokacin, daga masana'antun Beljiyam da Ingila, an ƙera su ne don a sayar da araha. Ta baki ake ɗura musu albarushi, a danna da sanda, ƙanƙara ta kyasta wuta. Ba su da saiti mai nisa. Da damina albarushi ya kan yi sanyi ya ƙi tashi, in kuwa mutum ya cika ɗuri, bututun na iya fashewa a hannunsa. Kafin ɗan bindiga ya sake ɗurawa, gwanin baka ya saki kibiyoyi masu dafi da yawa. Ba mamaki da sarakuna da dama suka ci gaba da dogara da doki, mashi da baka.

Tanimu ya kalli abin ta wata fuska. Bindiga ɗaya marar inganci ba ta tsinana komai, amma ɗaruruwa in suka tashi tare, ƙara da hayaƙi kaɗai sun isa su firgita dawakin abokan gaba. Don haka ya sayi da yawa, sannan ya tanadi abin da zai sa su yi aiki. Ya sa ana haɗa albarushi a Zinder, maƙera suna gyaran bindigogi suna yin harsashi, har aka kai ga zuba igwa a cikin gari. Makaman kuma ya danƙa su a hannun bayin sarki, waɗanda ba su da wani ubangida sai shi, ba a hannun 'yan sarauta da za su iya juya masa baya ba. Wanda aka taɓa turewa daga mulki ya san dalilin hakan. Masana tarihi suna ambaton bindigogi kimanin 6,000 da igwa wajen 40 a rundunarsa, abin da ya sa ita kanta Borno ta fara ɗari-ɗari da shi.

Mutanen kudu su suka fi jin nauyin wannan ƙarfi. Ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Wacha, da Magariya inda wani reshe na gidan sarautar Daura ya zauna bayan jihadi, duk sun koma bin Damagaram suna kai gaisuwa, kuma ta wannan yanki mayaƙa ke bi zuwa Gumel da iyakar Kano. Nan ne arahar bindigar ta ƙare. Ban da gashin jimina, hauren giwa da fatu, da mutane ake biyan fatake. Hari ya kawo bayi, bayi su sayo bindiga, bindiga ta sake fita hari. Ƙauyukan kan iyaka ne suka biya kuɗin da 'ya'yansu.

Bayan rasuwar Tanimu, 'ya'yansa sun gaji rundunar. Amadu Kuren Daga ya kai yaƙi har ƙasar Kano a 1898. Shekara guda bayan haka, a Yulin 1899, sojojin Faransa suka iso da bindigogin da ake ɗurawa ta baya, masu saurin harbi da cin nisa. A Tirmini, yamma da Zinder, rundunar Damagaram ta watse cikin yini ɗaya, Faransawa suka shiga birnin da Tanimu ya yi wa ganuwa.