Audu Bako: Ɗan sandan da ya tare wa Kano ruwa

Idan ka ga hoton abokanka a Facebook ko TikTok a bakin ruwan Tiga, wasu cikin kwalekwale wasu na cin gasasshen kifi, sai ka ɗauka tun fil azal tafkin yana nan. Ina! Shekara 60 da suka wuce babu shi. Mutum ne ya tare kogi, kuma wanda ya tsaya a kan aikin a nan birnin Zariya ya yi karatu.

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ke aiki. Ya fara makaranta a can, sannan aka kawo shi Midil ta Zariya, wadda yau muke kira Kwalejin Alhudahuda. A 1942 ya gaji mahaifinsa ya sa kaki. Ya koyar a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, ya yi ta samun ƙarin girma, har a watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya raba Najeriya jiha 12 ya naɗa shi gwamnan Kano na farko. Kanon lokacin fa har da Jigawa ta yau.

Abin da ya tarar shi ne damina ta wata huɗu, sai dogon rani. Kogin Kano ya cika ya batse, ruwan ya wuce, a bar mutane da yashi. Da an gama girbi sai samari su ɗaura kaya su tafi cirani. Audu Bako ya ga maganin a fili: a riƙe ruwan damina a ci moriyarsa da rani. Ya fara da dam ɗin Bagauda, sannan na Tiga, wanda aka gina daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ke kashe shanu a Arewa da Nijar. Tafkin Tiga ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Daga Tiga aka ja ruwa ta magudana zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir ɗin noman rani da ake lodi a can yau, ruwan nan ne ke shayar da su. Masunta suka kafa bukkoki a bakin tafki, karfasa da tarwaɗa suka shiga kasuwa. Bai manta da shaƙatawa ba: an gina otal a Bagauda da wani a Tiga, ga kuma gidan zu na Kano da ke ɗauke da sunansa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. An tashi ƙauyuka kafin ruwa ya mamaye gonakinsu. Can ƙasa, fadamar Haɗeja da Nguru ta rage samun ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe bayan ruwa mai ƙarfi, aka yi asara mai yawa. Otal ɗin wurin kuwa yanzu makarantar horar da lauyoyi ce.

Juyin mulkin Yulin 1975 da ya kawo Murtala Muhammad shi ya sauke shi. Ya koma noma, ya rasu a 1980.

Mu ma a Zariya muna da dam ɗin Kubanni na jami'a da wanda ke kan kogin Galma, amma har gobe unguwanni da yawa a cikin ganuwa sai 'yan garuwa sun zo ake ɗora tukunya. Shi kuwa tsohon ɗalibin Midil, shekara 8 kacal ya yi a kujera, kuma ruwan da ya tare yana ciyar da jikokin waɗanda suka ga ana haƙa. Allah ya jiƙan Audu Bako.