Stanley Hooker: Injiniyan da aka kirawo daga ritaya don ceto injin da ya karya Rolls-Royce

A ranar 4 ga Fabrairu, 1971, kamfanin Rolls-Royce na Birtaniya ya durƙushe. Abin da ya kayar da shi injin jirgin sama ne guda ɗaya, RB211, wanda ya yi alkawarin ƙera wa kamfanin Lockheed na Amurka domin babban jirgin fasinja na TriStar. Mutumin da aka danƙa wa gyaran wannan ɓarna dattijo ne ɗan shekara 63 da ya riga ya ajiye aiki.

An haifi Stanley Hooker a garin Sheerness na Ingila a 1907. Lissafi ya karanta a Landan, ya yi digirin digirgir a Oxford, ya shiga Rolls-Royce a 1938 ba tare da ya goge a aikin ƙarfe ba. Da alƙalami da takarda ya gano kuskure a na'urar da ke cusa iska cikin injin Merlin, gyaran da ya ƙara wa jiragen yaƙi na Spitfire ƙarfi a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya suka ɓata da ubangidansa Ernest Hives, ya koma kamfanin Bristol a 1949. Can ya jagoranci aikin injin Olympus, wanda jikansa ya ɗaga Concorde, da Pegasus na jirgin Harrier.

Dabarar RB211 kuwa mai kyau ce. An sa ƙatuwar fanka a gaba, wadda ke tura mafi yawan iska ta gefen injin, kaɗan ce ke shiga inda ake ƙona mai. Tura iska mai yawa a hankali ya fi tura 'yar kaɗan da tsananin gudu araha wajen mai, ga kuma ragin ƙara. Aka raba cikin injin kan sandunan juyi uku, kowanne na juyawa da saurin da ya dace da shi.

Matsalar tana cikin kwangilar 1968. Don kada kamfanonin Amurka su kwashe cinikin, shugabannin Rolls-Royce suka sa hannu kan tsayayyen farashi na injin da ba a gama ƙirƙira ba, alhali babban injiniyansu Adrian Lombard ya mutu shekara guda kafin nan. Fikafikan fankar, da aka yi da zaren kabon don rage nauyi, suka tarwatse a gwaji lokacin da aka harba musu mushen kaza. Dole aka koma ƙarfen titaniyom, kuɗin aiki ya yi ta hauhawa.

A ƙarshen 1970 Hooker ya isa masana'antar Derby, ya tarar injin bai kai ƙarfin da aka yi alkawari ba. Ya kirawo tsofaffin abokan aikinsa na zamanin Merlin, Cyril Lovesey da Arthur Rubbra, su ma daga ritaya, suka duƙufa. Sai dai hazaƙa kaɗai ba ta biyan albashi. Gwamnatin Edward Heath ta masu ra'ayin riƙau, wadda ta hau mulki tana cewa ba za ta tallafi kamfanonin da suka gaza ba, ta lashe amanta ta mayar da Rolls-Royce mallakar ƙasa. A Washington ma da ƙyar aka sha: da ƙuri'a 49 da 48 Majalisar Dattawa ta amince gwamnati ta tsaya wa Lockheed kan bashin dala miliyan 250. Masu sa hannu a kwangila suka yi caca, masu biyan haraji na ƙasashe biyu suka ɗauki kasadar.

A watan Afrilun 1972 TriStar ya fara ɗaukar fasinja, aka ba Hooker sarautar Sir a 1974. Injinan Trent da ke ɗaga Airbus A350 da wasu jiragen Boeing 787 a yau daga tsatson RB211 suka fito, har da sandunan nan uku. Hooker ya mutu a ranar 24 ga Mayu, 1984. Bayan shekara uku gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa.