Sultan Khan: Ɗan Ƙauyen Da Ya Zaunar Da Capablanca

Jama'a, yau tarihin wani bawan Allah na kawo muku, wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali a zamaninsa yana cikin 'yan ƙalilan da suka fi kowa iya wasan ces a duniya. Ces dai shi ne darar nan ta allo mai gida 64, wadda Larabawa ke kira shaɗaranj. Kowane ɓangare yana da sarki da sarauniya, dawaki biyu, giwaye biyu, hasumiya biyu da sojoji takwas. Ni malamin makaranta ne, ina kuma koya wa yara wannan wasa bayan an tashi daga aji, kuma cikin gwanayen da nake buɗe wa yara wasanninsu babu wanda labarinsa ke kama su kamar Sultan Khan.

An haife shi a shekarar 1903 a Mitha Tiwana, wani gari a yankin Punjab, wanda yau yake cikin Pakistan. A lokacin duk ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Wajen mahaifinsa ya koyi wasan yana ɗan shekara tara. Sai dai irin na Indiya ya koya, ba na Turai ba, kuma akwai bambanci. A na Indiya soja ba ya tsallake gida biyu a takunsa na farko, kuma babu dabarar nan ta musanya wuri tsakanin sarki da hasumiya don ɓoye sarki a lungu. Saboda haka wasa yakan fara a hankali, haddar buɗe wasa ba ta da wani tasiri sosai. Wanda ya fi haƙuri da hangen nesa shi ke ci. Ku riƙe wannan, domin shi ne sirrin duk abin da ya biyo baya.

Wani babban attajiri mai gonaki a Punjab, Sir Umar Hayat Khan Tiwana, ya ji labarinsa, ya jawo shi jikinsa, ya sa aka koya masa ƙa'idojin Turai. A 1928 ya shiga gasar Indiya baki ɗaya, ya lashe ta da maki takwas da rabi cikin tara. A 1929 Sir Umar ya tafi da shi Landan. To a nan fa abin mamaki ya fara. Mutumin da bai daɗe da sanin ƙa'idojin ba, bai karanta littattafan buɗe wasa da Turawa suka haddace ba, a wannan shekarar ya zama zakaran Birtaniya a gasar da aka yi a Ramsgate. Ya sake ɗaukar kambun a 1932 da 1933. Sau uku ke nan.

Bai tsaya a Ingila ba. A gasar Liège ta Beljiyam a 1930 ya zo na biyu, bayan Tartakower. A 1931 suka yi karon gaba da gaba da shi wannan Tartakower ɗin, wasa goma sha biyu: Sultan Khan ya ci huɗu, ya faɗi uku, suka yi canjaras a biyar. Ya wakilci Ingila a gasar ƙasashe ta duniya sau uku, a Hamburg 1930, Prague 1931 da Folkestone 1933. A Prague ya doke Flohr da Rubinstein, ya kuma yi kunnen doki da Alekhine, zakaran duniya na lokacin. Duk wannan yana fama da zazzaɓin cizon sauro da mura, domin sanyin Ingila bai taɓa karɓarsa ba.

Amma wasan da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne wanda ya yi da José Raúl Capablanca a gasar Hastings ta ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931. Capablanca ɗan Kyuba ne, ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, kuma an san shi da wuyar kayarwa, musamman idan wasa ya kai ƙarshe. Sultan Khan ne ke da farare. Tun a taku na biyar ya tura sojan gefe gida ɗaya, taku mai kama da ɓata lokaci, amma manufarsa hana baƙar giwa ta zo ta ɗaure masa doki. Bayan shekaru wannan tsari ya shahara a hannun Petrosian. Bai ɓoye sarkinsa a lungu ba, ya bar shi a tsakiya. Da wasa ya yi nisa sai ya ba da sarauniyarsa ya karɓi hasumiya biyu.

Nan ne nake tsayar da yara. Nakan jera musu allon daidai wannan wuri, in rufe sauran takun, in ce kowa ya faɗi abin da zai yi. Kusan dukkansu sukan nemi kai hari nan take. Shi kuwa ba haka ya yi ba. Ya san sarauniya ita kaɗai ba ta da ƙarfi idan ba ta sami abin da za ta kai wa hari ba, hasumiya biyu kuma idan suka haɗa kai a layi ɗaya sun fi ta nauyi. Sai ya toshe duk ƙofar da za ta shigo, ya tafi da sarkinsa sannu a hankali zuwa inda ba za a dame shi ba, ya yi ta gyara zaman kayansa, har Capablanca ya rasa abin motsawa mai amfani. A taku na 65 Capablanca ya sallama. Euwe ne ya ci gasar, Capablanca na biyu, Sultan Khan na uku.

Darasi uku nake so yaro ya fita da su daga wannan wasa. Na farko, kafin ka fara naka shirin, duba abin da abokin karawarka ke nufi ka toshe shi. Na biyu, idan kaya suka ragu a allo, sarki ba abin ɓoyewa ba ne kawai, inda ya tsaya yana iya raba gardama. Na uku, idan kana da rinjaye kada ka yi gaggawa, ai mai haƙuri shi ke dafa dutse. Yaron da ya haddace buɗe wasa goma amma bai iya ƙarasa wasan sarki da soja ɗaya ba, wallahi gini yake yi ba harsashi.

A ƙarshen 1933 Sir Umar ya koma gida da shi. Daga nan Sultan Khan bai sake shiga babbar gasa a Turai ba. Duka zamansa a fagen duniya bai kai shekara biyar ba. Ya koma noma a yankin Sargodha, ya yi iyali, har ciwon tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 25 ga Afrilu, 1966.

Abin takaici, lokacin da hukumar ces ta duniya, FIDE, ta fara raba manyan lambobin gwaninta a 1950, ba ta sa shi ciki ba, alhali wasu da ya kayar sun samu. Marubutan Turai kuma sun daɗe suna kwatanta shi da bara jahili wanda baiwa ta faɗo wa daga sama. Iyalinsa sun musanta wannan, sun bayyana cewa ya fito ne daga gidan malamai masu filaye. Sai a watan Fabrairu na 2024 FIDE ta ba shi lambar girmamawa ta babban gwani, shekara 58 bayan rasuwarsa.

Iyaye da 'yan'uwana malamai, wasanninsa suna nan a intanet kyauta. Ku nemo na Hastings, ku jera allo, ku bi shi taku bayan taku tare da yara, kuna tambayar dalilin kowane motsi. Allah Ya jiƙan Sultan Khan, Ya gafarta masa, amin.