Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen masanin taurari da ya rasu a Alƙahira

 Duk sa'ad da tauraro mai wutsiya ya fito, kamar wanda ya bayyana a yamma bayan magariba cikin watan Oktoban 2024, sai ka ji ana raɗe-raɗin sarki zai mutu ko yunwa na tafe. Wasu kuma su ce binciken sama ai aikin Nasara ne. To, yau mun ɗauko muku tarihin wani malami na ƙasarmu da ya yi suna kan lissafi da ilmin taurari kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatanin Katsina. Kada mu ce na nesa ne. Ya rayu kafin jihadi, lokacin babu iyakar Nijar da Najeriya, kuma daga wannan Katsinar ce masu sarauta suka taso arewa bayan faɗuwar birni a 1807, har aka kafa Maraɗi. Kenan abu namu, maganin a kwaɓe mu.

Yawancin abin da aka sani game da shi, marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti ne ya ajiye shi. Tun yana almajiri ya haddace Muƙamar Hariri, littafin nan da malaman zaure suka san wuyarsa. Ya yi karatu wajen malaman Borno da Bagarmi, ya kuma zauna da Shehu Muhammadu Fudu kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya. A wajen Shehu Muhammadu Bindu kuma ya ƙware kan lissafi, da sanin lokuta ta hanyar rana da taurari, da zanen hatimi. Saboda ƙarfinsa a nahawu, Shehu Fudu ya yi masa laƙabi da Sibawaihi.

Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wajen 1730 kenan, ya zauna a Makka. A can ya fara rubuta babban littafinsa, Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, ya kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146. A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi. Yana da rubuce-rubuce kan nahawu da manɗiƙi ma.

Gaskiya ɗaya ce, wani ɓangare na aikinsa ya shafi duba da asiri, abin da malamai ke sa-in-sa a kansa har gobe. Amma a ƙarƙashin hatimi akwai lissafi tsantsa. Ku gwada: gida tara, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Malam ya nuna yadda ake cika manyan hatimai masu gidaje mara, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa saboda haka.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin, wanda shi kansa masanin falaki ne, amma bai ji kunyar ɗaukar karatu wajen baƙon daga ƙasar Hausa ba. A gidan Allah ya yi masa rasuwa a 1154, wato 1741. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa, shi kuma ya binne shi a maƙabartar malamai, ya rubuta sunansa a kan kabarin.

Kusan lokaci guda, a watan Janairun 1742, wani masanin taurari ya mutu a Ingila, Edmond Halley. Shi ne ya lissafa cewa taurarin masu wutsiya da aka gani a 1531, 1607 da 1682 duk guda ne, yana dawowa bayan kimanin shekara 76, ya ce a saurare shi a 1758. Haka kuwa aka yi. Yau, da na'urorin hangen nesa, an gane dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. In ya kusanci rana sai ya ɗau zafi, ya fitar da tururi, haskensa ya ƙaru, wutsiyar kuma kullum tana juya wa rana baya. A 1986 kumbon Giotto ya ɗauki hoton tsakiyar na Halley: baƙi ƙirin, tsawonsa wajen kilomita 15. Babu ruwansa da mutuwar kowa.

Manomanmu da ke duban Kaza da ƴaƴanta don sanin ƙaratowar damina, da ladanin da ke auna inuwa don azahar, duk a gonar Malam suke noma. Tauraron Halley zai dawo a 2061. Yaron da ke lakwal ko makarantar allo yau, in da rai, bai kai hamsin ba a lokacin. Mu bar shi ya riƙe lissafi da kyau, mu kuma gaya masa sunan wanga malami. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa ya huta.