Ruben Um Nyobè: magatakardan kotun da ya fara gwagwarmaya daga albashin lebura

A Kamaru an fi tuna Ruben Um Nyobè a matsayin jagoran neman 'yancin kai. Amma kafin siyasa, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne kuɗin da ake biyan lebura da wanda ke yanke shi.

An haife shi a 1913 a Song Mpeck, kusa da Boumnyébel, a ƙasar Bassa. Yana yaro aka ci gaba da shimfiɗa layin dogo daga Douala zuwa Yaoundé, wanda ya isa a 1927, kuma da aikin tilas aka haƙa shi ta cikin yankinsu. Mutane da yawa sun mutu a wurin aikin Njock. Ya yi karatu a makarantun mishan, daga baya ya zama magatakarda a kotun Turawa, inda ya ga yadda dokar da Faransawa ke kira indigénat ke bai wa jami'in mulki ikon hukunta baƙar fata ba tare da shari'a ba.

A nan lissafin albashin wancan zamani yake. Inda mai gonar ayaba ko kamfanin katako zai iya samun ma'aikata ta hannun hukuma da sarakuna, babu abin da zai sa ya ƙara kuɗi don jawo kowa. Har wanda ya zo Douala da ƙafarsa neman aiki, wannan ƙaramin farashi ne ke jiransa. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, kaya suka yi wuya, farashi ya tashi, albashi ya tsaya cik.

Mafi yawan waɗannan ma'aikata a New Bell suke kwana. Jamusawa ne suka keɓe unguwar lokacin da suka kori 'yan Duala daga bakin kogin Wouri, daga baya ta zama masaukin baƙi: Bassa, Bamiléké, Ewondo, da Hausawa masu fataucin goro da shanu da sana'ar fawa. Bahaushen New Bell galibi ba ɗan albashi ba ne, amma cinikinsa na rataye da aljihun leburan tashar jiragen ruwa. Idan wata ya yi nisa a hannun ma'aikaci, mahauci ne ke fara sani.

A watan Agustan 1944 Faransa ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa tarayyar USCC mai alaƙa da CGT ta Faransa. Um Nyobè na cikin waɗanda suka yi karatun siyasa da tattalin arziki a zauren da malamin makaranta Gaston Donnat ya buɗe a Yaoundé. A Satumban 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa a Bonabéri suka shiga yajin aiki kan albashi. Ranar 24 ga wata dubban mutane, akasari daga New Bell, suka fito tituna, Turawa 'yan kama-wuri-zauna kuma suka ɗauki bindigogi suna harbi. Alƙaluman hukuma ba su kai mutum goma ba, masana tarihi kuwa na ganin waɗanda aka kashe sun zarce haka nesa ba kusa ba.

A Afrilun 1946 dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas, shekara guda bayan haka Um Nyobè ya zama babban sakataren USCC. Ra'ayin da ya kai gare shi shi ne, muddin hukumar da ke yanke albashi tana gefen masu ɗaukar aiki, ciniki a kan 'yan sefa kaɗan ba zai kai ko'ina ba. Wannan ne ya tura shi siyasa. An kafa jam'iyyar UPC ranar 10 ga Afrilu, 1948 a unguwar Bassa ta Douala, kafin shekarar ta ƙare kuma ya zama babban sakatarenta. Mutanensa suka laƙaba masa Mpodol, wato kakakin jama'a. Sau uku, daga 1952 zuwa 1954, ya je gaban Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman haɗewar Kamaru da 'yancinta.

Ƙungiyoyin ƙwadago a yankunan Faransa sun samu wani abu a hannu a Disambar 1952: dokar aiki da ta kawo awa 40 a mako, hutu da biya, da ƙa'idar aiki ɗaya albashi ɗaya tsakanin Bature da baƙar fata, duk da cewa a aikace an yi ta jan ƙafa. Mafi ƙarancin albashin da ake kira SMIG daga wannan tsari ya samo tushe. Dokar Maris 2023 ta sa shi sefa 60,000 a wata ga kamfanonin da ba na noma ba. Yawancin masu tura amalanke da 'yan acaɓa a Ndogpassi ba sa cikin wannan lissafi.

A Mayun 1955 jini ya sake zuba a New Bell, aka ƙone ofishin UPC, aka haramta jam'iyyar ranar 13 ga Yuli. Um Nyobè ya koma dajin ƙasarsu. Sojoji ƙarƙashin Faransa suka harbe shi ranar 13 ga Satumba, 1958, aka binne gawarsa cikin siminti a Éséka. Shekaru talatin ambaton sunansa a fili na iya jawo wa mutum matsala, sai a Disambar 1991 wata doka ta wanke shi. A Agustan 2025 shugaba Emmanuel Macron ya amince cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru, kuma dakarun da ke ƙarƙashinta ne suka kashe shi.