Likita Dalziel da Sunayen Itatuwan Ƙasar Hausa

Ya kai ɗalibi, ka san ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, domin suna nan birjik a karkarar Keffi. Amma ko ka taɓa tambayar kanka yadda masanan duniya suka san sunayensu na Hausa? Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki wannan ɗawainiya shi ne John McEwen Dalziel. Sunan nasa yana da wuyar karantawa, amma mutanen ƙasarsu Diyel suke faɗa.

An haife shi a shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, asalinsa kuwa mutumin Sikotilan ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbura, ya gama a 1895. Daga nan ya tafi kudancin ƙasar Sin, inda ya yi wasu shekaru yana duba marasa lafiya a asibitin mishan. A shekarar 1905 ya kama aikin likita a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila a Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya ta Arewa.

Aikinsa na albashi shi ne magani, amma zuciyarsa tana ga tsirrai. Ya tattara su a wurare kamar Sakkwato da Katagum da Zungeru da Yola, har da Abinsi a bakin kogin Binuwai. Ga yadda ake wannan aiki. Sai a tsinko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne shi da abu mai nauyi har ya bushe. Sa'an nan a rubuta wurin da aka same shi da ranar da aka tsinko shi. Irin waɗannan busassun tsirrai ne yake aikawa lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan.

Dalziel bai tsaya ga ganye kawai ba. Ya lura cewa mutanen ƙasa suna da ilimi mai zurfi game da abin da ke tsirowa a dajinsu, kuma ilimin nan yana rataye ne da suna. Saboda haka ya riƙa rubuta sunan kowane tsiro da Hausa tare da amfaninsa. A 1916 ya fitar da littafi mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen Hausa kusa da na kimiyya. Alal misali, kuka ita ce Adansonia digitata. Ta haka manomin Kano da masanin Landan za su tabbata cewa itace ɗaya suke nufi.

Bayan ya bar aikin likita a 1922, sai ya koma Kew. A can ya haɗa hannu da wani masani mai suna John Hutchinson, suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, wato bayanin tsirran Afirka ta Yamma. A 1937 kuma ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda ya bayyana tsirran da ake ci, da na magani, da na rini, da na gini. Ya rasu a Ingila a shekarar 1948. Don girmama shi, itacen nan da Hausawa ke kira hano ko ararraɓi, a kimiyyance sunansa Boswellia dalzielii.

Sai dai kada ka manta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ilimin da ke cikin littattafan nan ya fito ne daga bakin manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya, waɗanda ba a buga sunayensu a bangon littafi ba. A yau ana sare itatuwa don gawayi da itacen girki, tsofaffin da suka san su kuma suna ƙarewa. Idan suna ya ɓace, amfanin ma yakan bi shi. To, ka je wurin wani dattijo a unguwarku, ka tambaye shi sunayen itatuwa biyar da Hausa da kuma harshenku na gida, ka rubuta amfanin kowanne, ka kawo aji mako mai zuwa.