Denis Burkitt, likita mai ido ɗaya da ya bi sawun kansar yaran Afirka

Akwai wani ciwo da ke kama yara, galibi 'yan shekara 4 zuwa 9. Cikin 'yan makonni muƙamuƙi ya kumbura, haƙora su fara girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje ko ciki ya yi tulu. A asibitin Komfo Anokye, wanda mu nan Kumasi muka fi sani da Gee, likitocin yara suna kiransa kansar Burkitt. To, wane ne wannan Burkitt ɗin da ciwo ya ɗauki sunansa?

An haifi Denis Parsons Burkitt ranar 28 ga Fabrairu 1911 a garin Enniskillen da ke arewacin Ailan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama a wani hatsari. Ya shiga jami'ar Trinity da ke Dublin da niyyar zama injiniya kamar mahaifinsa, daga baya ya koma likitanci, ya gama a 1935. Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, ya yi aikin likitan soja a Kenya da Somaliya. A 1946 ya koma Yuganda, aka fara tura shi Lira, sannan asibitin Mulago a Kampala, inda ya zama likitan fiɗa.

A 1957 wani abokin aikinsa, Dokta Hugh Trowell, ya nuna masa wani yaro mai kumburi a muƙamuƙi, sama da ƙasa, hagu da dama. Ba a jima ba ya sake ganin irinsa a wani asibitin. Wani likitan da sai ya ce ai dacewa ce kawai. Shi kuwa sai ya koma ya tone tsofaffin takardun marasa lafiya, ya tattara labarin yara 38, ya buga a 1958. Kusan babu wanda ya kula.

Bai karaya ba. Ya aika da hotuna da tambayoyi zuwa asibitoci a faɗin Afirka: kuna ganin wannan ciwo a wajenku? A 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil 10,000 cikin makonni 10, suka leƙa asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Abin da taswirarsa ta nuna ya ba kowa mamaki. Ciwon yana bin zafi da ruwan sama. A kan tuddai masu sanyi ba a cika ganinsa ba. A Afirka ta Yamma kuma ya fi yawa a yankin kurmi mai yawan ruwa, irin namu, ya yi ƙaranci a busassun wurare kamar Kano. Kun ga ke nan, inda sauro yake da ƙarfi, nan ciwon yake.

A watan Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai bincike, Anthony Epstein, wanda ya roƙa a riƙa aiko masa da ɗan yanki na ƙarin daga Kampala. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wani bairos a ciki, wanda yanzu ake kira Epstein-Barr. Shi ne bairos na farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam.

Sai dai akwai tambaya. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da wannan bairos, ana samunsa ta yawu tun yarinta. To me ya sa ba kowa ke yin kansa ba? Amsar tana wajen garkuwar jiki. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana daddatsa furotin ɗin da ke cikinta, ta baje gutsattsarin a bayanta, kamar yadda mai shago ke fito da samfurin kayansa bakin ƙofa. Sojojin jini da ake kira T suna zagayawa suna dubawa. In suka ga baƙon abu, sai su kashe ƙwayar nan take.

A ƙarin Burkitt, bairos ɗin yana yin lamo, ya bar furotin guda ɗaya yana aiki, sunansa EBNA1. A 1995 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna cewa wannan furotin yana da wani dogon sashe da ke hana a daddatsa shi yadda ya kamata. Tunda samfuri bai fito sosai ba, sojoji sai su wuce. Akwai kuma furotin na jikinmu, MYC, mai ba ƙwayar halitta umarnin ta hayayyafa. A 1982 aka gano cewa a wannan ciwo, umarnin yin MYC yana tsinkewa daga mazauninsa ya manne a wani wuri da ba ya hutawa, sai ƙwayoyi su yi ta ƙaruwa ba birki, har ƙarin kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauro kuma fa? Wani bincike a Gambiya a 1984 ya nuna cewa lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, sojojin T suna rasa ikonsu a kan bairos ɗin. Abin da taswirar Burkitt ta nuna ke nan tun kafin a san dalili.

Bai tsaya ga bincike kaɗai ba. Ya nemo magunguna irin su methotrexate da cyclophosphamide, ya ga ƙarin yana narkewa, wasu yaran ma suka warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. Wannan ya sa likitoci suka fara zargin cewa garkuwar jikin yaron ce ke ƙarasa aikin. A nan Gana ma an kafa sashen binciken wannan ciwo a asibitin Korle Bu na Ankara, inda Farfesa Francis Nkrumah ya yi shekaru yana kula da yaran.

A 1966 Burkitt ya koma Ingila. Can ya ɗauko wani sabon batu, cewa ƙarancin dusa da ganye a abincin Turawa yana da hannu a cututtukan hanji. Ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. Ya rasu ranar 23 ga Maris 1993 a Gloucester, yana da shekara 82.

Jama'a, abin da ya bar mana mai amfani ne a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. Ciwon nan ba sammu ba ne, ba kuma ciwon haƙori ba ne da za a je a cire. Yana gudu, amma yana jin magani in an zo da wuri, kuma yana cikin kansar yara huɗu da inshorar lafiya ta NHIS ta sa a jerinta. In kumburi ya fito wa yaro a fuska ko ciki, a kai shi Gee a satin nan, kar a ce sai an gwada na gida tukuna. A kuma rataya gidan sauro, a share kwata.